Cutar Lupus da Sankarar Hanyar Fitsari: Kada a Raina Jini Cikin Fitsari



A wannan fitowa, filinmu na lafiyar iyali ya tsaya kan wata cuta da ba ta da suna a Hausa, amma tana cikin gidajenmu, kuma mata ta fi kamawa. Likitoci suna kiranta lupus. Wadda aka tabbatar mata da wannan cuta takan daɗe tana shan magani, to cikin waɗannan shekaru sai ita ko danginta su ji ana cewa lupus na jawo sankarar mafitsara ko ta ƙoda, wasu ma su ce maganin da kansa ne ke jawo ta. Daga nan hankali kan tashi. Wata ta ajiye maganinta don tsoro, wata kuwa ta toshe kunne, ko ta ga jini cikin fitsarinta sai ta ce ai tsargiya ce. Dukansu biyu sun ɗauki hanyar nadama. Maganar tana da gaskiya a cikinta, amma gaskiyar tana da ma'auni, kuma wannan ma'auni muke son shimfiɗawa a nan domin maigida, uwargida da duk mai jinya su san abin da ya kamata su sa wa ido.

Mece ce lupus?

An halicci jikin ɗan Adam da garkuwa mai yaƙar ƙwayoyin cuta. A cutar lupus, wannan garkuwa ce ke rikicewa, ta kasa rarrabe baƙo da ɗan gida, ta juya tana dukan jikin da aka ɗora mata tsaronsa. Tana iya taɓa fata, gaɓoɓi, jini, huhu, zuciya, ƙwaƙwalwa da ƙoda. Cikin kowane mutum 10 masu ita, kimanin 9 mata ne, kuma ta fi bayyana tsakanin shekara 15 zuwa 45, wato daidai lokacin aure, haihuwa da reno. An kuma lura ta fi yawa, ta fi tsanani ga baƙar fata a kan farar fata.

Asalin sunan daga Latin yake, ma'anarsa kyarkeci, domin likitocin da suna ganin tabon da take bari a fuska kamar cizon wannan dabba. Wani likitan Faransa, Pierre Cazenave, shi ya raɗa mata sunan da har yau ake rubutawa a takardun asibiti, *lupus érythémateux*, a shekarar 1851. A 1872 kuwa Moriz Kaposi, a birnin Biyana, ya nuna cewa ba a fata kaɗai take tsayawa ba, har cikin jiki tana shiga.

Daga cikin alamunta akwai gajiya mai tsanani, masassara mai tafiya tana dawowa, ciwo da kumburin gaɓoɓi, zubar gashi, gyambon baki, da ƙuraje a kumatu da karan hanci masu siffar malam-buɗe-littafi, waɗanda rana ke tsanantawa. A baƙar fata ba kasafai suke yin ja ba, sun fi yin duhu, wasu kuma su bar farin tabo. Saboda waɗannan alamu sun yi kama da na zazzaɓin sauro, taifot ko sanyin ƙashi, sau da yawa akan yi ta yawon magani kafin a gano ta. A wasu gidajen ma har a zargi kishiya ko maƙwabciya da jifa. Lupus ba jifa ba ce, ba a kuma ɗaukarta ta hanyar cin abinci tare ko zaman aure. Har yanzu ba ta da maganin da ke tumɓuke ta, amma akwai magungunan da ke kwantar da ita, mai ita ta yi aure, ta haihu, ta ga jikoki.

Ƙoda ce ke kan gaba

Kafin mu shiga zancen sankara, ya kamata mu san hanyar da fitsari ke bi. Mutum yana da ƙoda biyu, kowace tana ɗauke da ƴan matatai kusan miliyan 1. A kowace rana suna tace ruwan jini kimanin lita 180, su mai da kusan dukansa cikin jiki, abin da ya saura, wajen lita 1 da rabi, shi ne fitsari. Daga kowace ƙoda akwai siririn bututu da ke saukar da shi cikin mafitsara, inda yake taruwa har lokacin fitarwa. Cikin wannan hanya a shimfiɗe yake da wata fata mai laushi, kuma duk dafin da ƙoda ta fitar daga jini, a kan wannan fata yake zama. Mu riƙe wannan, domin shi ne mabuɗin abin da ke tafe.

Kimanin 4 cikin 10 na masu lupus, a wasu wuraren har rabi, cutar takan sauka a ƙodarsu. Tarkacen yaƙin da garkuwa ke yi da jiki ne ke maƙalewa a cikin matatan, su kumbura, su fara yoyon furotin da jini. Alamun su ne fitsari mai kumfa, kumburin ƙafafu da fuska, da hawan jini. In ba a tare shi ba, ƙarshensa mutuwar ƙoda, sai wankin ƙoda sau 2 ko 3 a mako, kowane zama wajen awa 4. Duk wanda ya yi jinyar mai wankin ƙoda a ƙasashenmu ya san abin da hakan ke nufi: barin gari, zama gidan dangi a Yamai ko Damagaram, layi, da kashe abin da aka tara. Saboda haka tun daga nan muke faɗa, ga mai lupus mutuwar ƙoda ta fi sankara kusa nesa ba kusa ba.

Abin da bincike ya nuna

A shekarar 2013, wata likita ta Jami'ar McGill da ke Kanada, Sasha Bernatsky, tare da abokan aikinta sun fitar da sakamakon bibiyar masu lupus 16,409 daga cibiyoyi 30 na ƙasashe daban-daban. Cikin kimanin shekara 7 da aka bi kowannensu, an sami ciwon daji 644, wato wajen 4 cikin 100, idan aka haɗa kowane iri. Da aka gwada da sauran jama'a masu shekaru irin nasu, sai aka ga ƙarin kashi 14 cikin 100. Ƙarin da ya fi fitowa fili shi ne na sankarar kaluluwa da ake kira limfoma, wadda ta ninka fiye da sau 4. Abin mamaki kuma, sankarar mama da ta cikin mahaifa sun fi ƙaranci ga masu lupus.

A 2018 wasu masana na ƙasar Sin suka tattara bincike 24 da aka yi a sassan duniya, suka auna su wuri ɗaya. Game da hanyar fitsari, sun samu cewa sankarar mafitsara da ta ƙoda sun kusa ninka biyu ga masu lupus. Ga maza kuwa, sankarar furostat, wato ƴar halittar nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, ta ɗan ragu.

A nan ne ake buƙatar natsuwa. Jin an ce "ninki biyu" yana razana mutum, amma sai a tambaya, ninki biyu na nawa? Wanda ke da dala ɗaya in aka ninka masa, dala biyu gare shi, bai zama attajiri ba. Sankarar mafitsara da ta ƙoda ba su cika kama mata masu ƙuruciya ba. A duniya baki ɗaya, a shekarar 2022 an ƙiyasta sababbin masu sankarar mafitsara kimanin 614,000, na ƙoda kuma kimanin 435,000, akasarinsu maza ne da suka manyanta. Saboda haka mafi yawan masu lupus ba za su taɓa haɗuwa da waɗannan cututtuka ba. Sai dai ƙarin ya isa ya sa a daina sakaci da alamar farko.

Daga ina ƙarin ya fito?

Masana sun kawo dalilai da ke haɗuwa. Na farko, garkuwar jiki ba ƙwayoyin cuta kaɗai take farauta ba, tana kuma kashe ƙwayoyin halittar da suka fara lalacewa tun ba su zama ƙari ba. Garkuwar da ta shagala da dukan gida, aka kuma danne ta da magani, tsaronta kan yi rauni. Na biyu, kumburin da ya daɗe a wuri ɗaya yana sa naman wurin ya yi ta lalacewa yana sabuntawa, kuma cikin yawan sabuntawa ake samun kuskure. Na uku, ƙodar da ta daɗe da ciwo, musamman ta wanda ya shekara da shekaru yana wankin ƙoda, takan fitar da ƴan ƙululai masu ruwa, waɗanda wasunsu kan rikiɗe su zama sankara. Hawan jini da ƙiba, waɗanda kortizon ke iya ƙarawa, su ma an san suna da hannu a sankarar ƙoda.

Dalili na huɗu shi ya fi ƙarfin hujja, kuma shi ya fi buƙatar bayani.

Maganin da ke ceton ƙoda, yake ƙona mafitsara

Akwai wani magani mai ƙarfi da ake kira siklofosfamid, wanda a takardar magani ta ƙasashenmu masu amfani da Faransanci akan rubuta shi da sunan Endoxan. Asalinsa maganin ciwon daji ne, tun ƙarshen shekarun 1950. A 1986, likitocin cibiyoyin binciken lafiya na gwamnatin Amurka suka nuna cewa ba da shi ta jijiya lokaci-lokaci yana kare ƙodar mai lupus fiye da kortizon shi kaɗai. Tun daga nan ya ceci ƙodar dubban mata.

To amma idan hanta ta sarrafa shi, takan fitar da wani dafi mai suna akrolein. Ƙoda ta tace wannan dafi, ya gangara mafitsara, ya zauna a kan fatar nan mai laushi. In ya daɗe a wurin sai ya ƙone ta, ta yi jini, bayan shekaru kuma ƙunar tana iya zama sankara. An fi ganin haka a fili ga masu wata cuta ta kumburin jijiyoyin jini, wadda a da ake kira cutar Wegener, domin su an daɗe ana ba su ƙwayar maganin kullum. A 1996 an ba da rahoton mutum 145 daga cikinsu a Amurka, 7 suka kamu da sankarar mafitsara. Abin lura a nan shi ne, dukan bakwai ɗin an riga an ga jini cikin fitsarinsu kafin a gano sankarar, alhali cikin mutum 72 da ba a taɓa ganin irin wannan jini gare su ba, babu ko ɗaya da ya kamu. A 2008 kuma, wani bincike na ƙasar Danmak kan mutum 293 ya nuna cewa haɗarin ya fito ne ga waɗanda jimillar abin da suka sha ya haura giram 36, kuma sankarar ta bayyana ne shekara 7 zuwa 18 bayan fara maganin. Giram 36 shi ne abin da mutum zai tara in yana shan miligiram 100 kullum har shekara guda.

Wannan ilimi ya canja yadda ake ba da maganin. A 2002, ayarin likitocin Turai ƙarƙashin jagorancin Frédéric Houssiau na birnin Burusel ya gwada ba da miligiram 500 ta jijiya kowane mako 2, har sau 6, sannan a koma wani magani mai sauƙi. Jimilla giram 3 ke nan, kashi ɗaya cikin goma sha biyu na wancan ma'auni, kuma sakamakon bai gaza na mai yawa ba. Akwai kuma wani magani, mesna, da ake haɗawa da shi domin ya ɗaure dafin a cikin fitsari. Bugu da ƙari, yanzu akwai mikofenolat, wanda ke iya tsayawa a madadinsa ga mutane da yawa, kuma tun daga 2020 an amince da wasu sababbin magunguna na ƙodar lupus, ko da yake tsadarsu ta sa ba kowa ke kai wa gare su ba.

Saboda haka wadda likita ya rubuta mata Endoxan domin ƙodarta na cikin haɗari, kada ta ƙi. Wadda ta guje shi don tsoron abin da wataƙila ba zai zo ba, ta bar ƙodarta ta mutu, ta gudu gara ta faɗa gidan zago. Abin da ya dace shi ne a karɓe shi da sharuɗɗansa.

Abin da ya shafe mu a nan

Yawancin binciken da muka ambata an yi su ne a Turai, Amurka da gabashin Asiya. Mu a ƙasashen Sahel muna da wasu abubuwa namu da ke ɗora wa mafitsara ƙarin kaya.

Na farko tsargiya. Tsutsa ce da ke fitowa daga ƴan katantanwar ruwa, ta huda fatar mai wanka, mai wanki ko mai aikin shinkafa, ta zauna cikin jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara, tana zuba ƙwai masu ƙaya a jikin bangonta. Theodor Bilharz ne ya gano ta a Alƙahira a 1851, shi ya sa ake ce mata *bilharziose*. Tun 1994 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Liyon, ta sanya ta cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankarar mafitsara. Tana nan a kwarin kogin Kwara, a fadamun noman rani, a tafkunan damina, a kewayen tafkin Cadi da arewacin Kamaru. Ta zama ruwan dare har a wasu ƙauyuka ana ɗaukar fitsarin jini ga yaro namiji kamar alamar balaga. Wannan sabo shi ne babban haɗari, domin ya koya mana raina jini cikin fitsari. Maganinta, firazikantel, sha ɗaya ne gwargwadon nauyin mutum, kuma ana raba shi ga ƴan makaranta a yankunan da take. Mai lupus da ta girma a bakin ruwa ta faɗa wa likitanta tun kafin a fara mata Endoxan.

Na biyu taba. Kusan rabin sankarar mafitsara daga hayaƙin taba take, domin dafinsa ma ta ƙoda yake fita. Tana da hannu a sankarar ƙoda, tana kuma rage amfanin maganin lupus ga fata. Shisha da samari da ƴanmata suka rungumi sha a birane ba ta fita daga wannan hukunci ba. Maigidan da matarsa ke da lupus, in bai iya bari don kansa ba, to ya fitar da hayaƙinsa daga ɗakinta.

Na uku saiwoyi da sassaƙe. Ciwon da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa yakan sa a gwada duk abin da aka kawo. A farkon shekarun 1990, a ƙasar Beljiyam, mata fiye da 100 suka sami ciwon ƙoda mai tsanani bayan shan wani haɗin rage ƙiba da ya ƙunshi tsiron da masana ke kira *Aristolochia*. A shekarar 2000, da aka bincika 39 daga cikin waɗanda ƙodarsu ta mutu, an sami sankarar hanyar fitsari ga 18. Dangin wannan tsiro suna fitowa a ƙasar Hausa, daga ciki akwai wanda ake kira duman dutse ko maɗacin ƙasa. Ba muna kushe maganin gargajiya baki ɗaya ba ne, amma mai lupus kada ta sha jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba. Haka kuma ƙwayoyin ciwon jiki irin su diklofenak da ibuforofen, waɗanda ƴan talla ke yawo da su a tire, suna ƙara wa ƙoda mai rauni wahala.

Jini ɗaya, mafari da yawa

Ga mai lupus, jini cikin fitsari yana iya fitowa daga kumburin ƙoda na cutar kanta, ko ƙunar mafitsara ta Endoxan, ko ƙwayoyin cuta, ko tsargiya, ko tsakuwa, ko kuma ƙari. Ido ba ya iya rarrabewa, hasashen maƙwabta ma haka. Sankarar mafitsara ta shahara da jini marar zafi, wanda kan zo kwana ɗaya ko biyu ya ɗauke, ya yi makonni bai dawo ba. Ɗaukewarsa ba warkewa ba ce. An kuma lura a ƙasashe da yawa cewa mata sun fi maza jinkirin gano wannan sankara, domin akan ɗauki jininsu a matsayin na al'ada ko na ciwon sanyi, a yi ta ba su maganin ƙwayoyin cuta. Matanmu, da yake sun saba lura da kwanakin al'adarsu saboda tsarki da salla, sun fi kowa iya gane jinin da ya zo ba lokacinsa ba, ko wanda da fitsari kaɗai yake fitowa. Wannan sani ya kamata ya kai ga kunnen likita.

Sauran alamun da bai kamata a yi shiru a kansu ba su ne: yawan fitsari ko zafinsa da ya ƙi jin magani, ciwon kwiɓi ɗaya da ya ƙi tafiya, ƙullutu a gefen ciki, da ramar da ba a san dalilinta ba.

Bincike yakan fara da abu mai sauƙi. Ana tsoma ƴar takardar gwaji cikin fitsari a ga ko akwai jini da furotin, sannan a duba shi a madubin likita. Jinin da ya fito daga matatan ƙoda yakan zo tare da furotin, ƙwayoyinsa kuma a lanƙwashe, wanda ya fito daga mafitsara kuwa ƙwayoyinsa lafiyayyu ne. Ana neman ƙwayoyin cuta, ana neman ƙwan tsargiya, wanda ya fi fita cikin fitsarin tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana. Sai gwajin jini na ƙarfin ƙoda, da hoton ekografi. In jinin bai daga matatan ƙoda yake ba, ko an sha maganin tsargiya bai tsaya ba, likitan hanyar fitsari zai leƙa cikin mafitsara da siririn madubi, abin da ake kira sistoskopi. Ƙarin da aka tarar tun yana saman fata ana iya kankare shi ta wannan hanya ba tare da an tsaga ciki ba. Na ƙoda kuwa, in ƙarami ne, ana iya yanke shi a bar sauran ƙodar, abin da ke da muhimmanci ƙwarai ga wadda ƙodarta ke da rauni tun farko. A Nijar, Cibiyar Yaƙi da Ciwon Daji ta Ƙasa da ke Yamai ta fara gashin sankara da haske a 2021. Sai dai kowane irin aiki ya fi amfani ga wanda ya zo da wuri, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Aikin iyali

Ga abin da muke ba kowane gida mai jinyar lupus shawara a kai:

1. A tanadi karne guda, a rubuta kowane ƙarin Endoxan da aka yi, da kwanan wata da yawansa. A adana shi kamar takardar gida. Likita na iya canja wurin aiki, iyali na iya ƙaura, amma mafitsara ba ta manta abin da ya bi ta cikinta, ko bayan shekara 15.
2. Ranar ƙarin maganin da washegari a sha ruwa da yawa, a yawaita fitsari, kada a riƙe shi, a kuma zubar da shi kafin barci. In ƙwaya ce, da safe ake sha. Wadda jikinta ya kumbura ko ƙodarta ta yi rauni, likita ne zai ƙayyade mata yawan ruwan.
3. A riƙa gwajin fitsari a kowace ganawa da likita, a ci gaba da yi ko bayan an daina Endoxan, a kuma kauce wa kwanakin al'ada.
4. Kada a ajiye hidroksiklorokin, wanda aka fi sani da Plaquenil. Shi ne ginshiƙin maganin lupus, yana rage tashin cutar, wanda hakan ke rage buƙatar magunguna masu ƙarfi. Ana shansa har da juna biyu. Yana buƙatar awon ido, musamman bayan shekara 5.
5. Endoxan da mikofenolat suna cutar da ɗan tayi. Zancen haihuwa a yi shi tsakanin miji, mata da likita tun kafin a fara su.
6. A riƙa awon hawan jini, a rage gishiri da dunƙulen miya.

Game da azumi, ranar da ake ƙarin Endoxan rana ce da jiki ke buƙatar ruwa daga safe har dare, haka ma lokacin da ciwon ƙoda ya tashi. Sanin kowa ne shari'a ta yi wa marar lafiya rangwame. A tambayi likita abin da jiki zai iya ɗauka, a tambayi malam yadda za a rama ko a ciyar, tun kafin watan ya kama.

Muna kuma kira ga mazaje da surukai. Kunya ado ce, amma ta sa mata da yawa sun ɓoye abin da ya shafi fitsari har ya yi nisa. Mace ba za ta faɗa ba sai ta san in ta faɗa za a saurare ta, a ba ta izini da kuɗin mota, ba a ce ta cika ƙorafi ba. Kuɗin gwajin fitsari bai kai na zannen salla ba. Ranar 10 ga watan Mayu ta kowace shekara, tun 2004, ita ce ranar lupus ta duniya, kuma dama ce ga ƙungiyoyin matanmu su gayyato likita ko unguwarzoma su yi wa jama'a bayani.

Wadda ke riƙe da maganinta, tana ajiye da karnenta, ta kuma ƙudurta cewa duk ranar da ta ga jini cikin fitsari, ko sau ɗaya ne, ko babu zafi, asibiti za ta nufa cikin makon, to ta yi abin da ke wuyanta. Idan kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, na gida da na asibiti, Ya saka wa masu jinya da alheri. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Wassalamu alaikum.